Tsatsar da ke gindin hinjin ƙofar tsohuwar mota

Kan yadda za a gyara wannan tsatsa, abin da aka fi haɗuwa a kai shi ne, kafin ka kwance noti ka zagaye hinjin da maka, wato alƙalamin yin alama, in ba haka ba mayar da ƙofar daidai sai ka sha wuya, kuma a samu mai riƙewa don tana da nauyi. Daga nan ka kankare da buroshin ƙarfe da samfefa har ƙarfe ya yi fari, ka caka sukundireba, in ƙarfen ya lotsa to tsatsar ta ci ciki sai walda, kar a cusa fila, wato abin cike ramuka a jikin mota, a wajen da ke ɗauke da nauyi. Wasu sun ce a shafa maganin tsatsa mai asid a ramukan da samfefa bai kai ba, ni ma na yarda. Sai firaima, wato shafin farko da ake yi kafin fenti, sannan fenti, noti kuma a sa masa giris.