Sai an duba ƙasa kafin a kafa turken wuta?

Injiniya: Jama'a, ni fa abin nan ya ishe ni. Duk sanda za a ƙara wa layin wuta ƙarfi, sai a ce a dakata masana kayan tarihi su taka hanyar da ƙafa tukuna. Ku ɗauki Birnin Kebbi zuwa Yamai: tun shekarun 1970 akwai layi mai kilobolt 132, ga kuma sabon mai 330 da aka tsara ya kai har Wagadugu. Waya a sama take, me ya haɗa ta da tsingaro? Mutane na kwana cikin duhu, ana kashe kuɗi a kan fasassun tukwane.

Malamar Tarihi: Haba Injiniya, kai da ka fi mu sanin aikin? Wayar ce a sama, amma kowane turke ƙafa huɗu gare shi, kowace ƙafa da raminta da kankarenta. Ga hanyar da katafila ke sharewa don manyan motoci. Nan ɓarnar take. Kuma turken 330 ba a ramin tsohon ake dasa shi ba, sabuwar ƙasa ake fasawa.

Injiniya: To me za a samu a dajin Allah?

Malamar Tarihi: Dajin yau kufan jiya ne. Surame, birnin Kanta, yanzu ba a daji take ba? Kayan Nok ma, wato tsofaffin mutum-mutumin yumɓun nan, masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da su a 1928. Kan mutum-mutumin da aka kai wa Baturen nan masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, a 1943, sai da ya yi aikin korar tsuntsaye a gonar doya kafin a san darajarsa.

Ɗan Dosso: Gaskiyarki, Malama. Mu ma nan Nijar haka aka yi da Bura, wata tsohuwar maƙabarta wajen Tera. Tsintuwa aka yi a 1975, sai 1983 masanin kayan tarihi Bube Gado ya je ya tona a ilmance. Amma kada a raina maganar Injiniya. Da Najeriya ta yanke mana wuta a 2023 mun ga tasku, ƙanƙara ma sai mai hali.

Baba Lebura: Ku bari in sa baki, 'ya'yana. Na yi haƙar ramin turke shekarun baya. Wata rana, ramin ya kai mini ƙirji, diga ta bugi wani abu, ƙwas! Na sa hannu na share, sai ga bakin tulu a kife, babba, da zane kamar na igiya a wuyansa. Cikinsa ƙasusuwa da 'yan duwatsun wuya jajaye. Na kira shugaban aiki. Ya leƙa, ya dubi agogo, ya ce motar kankare na hanya, in kwashe in zubar. Na tattara ƙasusuwan a buhun siminti na binne gindin wata kalgo, na yi addu'a. Ban san ko wane ne ba, ban san addininsa ba, amma mutum ne. Har yau abin na raina.

Injiniya: Allah Ya jiƙan na ƙasa, Baba. Amma ka ga matsalar: da an tsaya, aiki ya tsaya ke nan, ɗan kwangila na biyan hayar injuna.

Malamar Tarihi: Ai shi ya sa ake dubawa tun hanyar na kan takarda. Mutum uku ko huɗu su bi layin, inda suka ga tsingaro ya yi yawa ko tarin kashin maƙera su yi alama, kai kuma ka gusar da turkenka gefe da biro. Ba sabon abu ba ne. An yi irin wannan dubawa a Kainji kafin ruwan madatsa ya cinye tsohuwar Busa a 1968. Bututun man Chadi zuwa Kiribi ta Kamaru, kilomita 1,070, an gano wuraren tarihi sama da 400 a hanyarsa, kuma mai ya fara gudu a 2003.

Ɗan Dosso: Ni tambayata daban ce. In an yi alamar, wa zai tsare wurin? Bura dai da sunanta ya fita, masu tonon dare suka yi mata kaca-kaca, kayan suka ƙare a kasuwannin Turai.

Injiniya: Yauwa! Ka ga ke nan wani lokaci rufin asirin ya fi.

Malamar Tarihi: Katafila ba ta rufa asiri, Injiniya, niƙewa take yi. Baba, duwatsun wuyan nan fa, ina suka shiga?

Baba Lebura: Direban tifa ya zuba a aljihu, 'yata. Ya ce zai kai wa matarsa.