Waɗanda suka taɓa kafa tebur a taron baje kolin guraben aiki, yaya kuka yi?

Mai injin casar shinkafa, Jega:

Assalamu alaikum jama'a. An ba ni tebur a wani taron baje kolin guraben aiki da za a yi a Birnin Kebbi nan da mako biyu, na kuma karɓa. Mutum huɗu nake nema kafin shinkafar rani ta fara shigowa: mai kula da sito, mai riƙe lissafi, da yara biyu da za su tsaya a kan inji. Na kafa injin nan ne bayan an ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a 2015, lokacin da shinkafa ta yi daraja, kuma tun daga ranar ban taɓa ɗaukar wanda ban san gidansu ba. Ɗan ƙanwa, ɗan maƙwabci, yaron liman. Wasu sun riƙe amana, wasu kuwa sallamarsu ta fi ɗaukarsu wuya, don sai ka ɓata da dangi guda. Yanzu ma'aikata 14 gare ni. Wannan karon bare nake so in gwada. To amma mutumin da ka gani na minti biyar a cikin cunkoso, ta ina za ka san shi? Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka mini da abin da ya gani.

Mai makarantar firamare da sakandare, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam Alhaji. Sau biyu na je irin wannan taron, kuma zuwan farko asara na yi.

Na tafi da kwali babba, duk wanda ya zo sai in ce ajiye takardunka, za mu neme ka. Kafin la'asar kwalin ya cika har ana dannawa. Na dawo ina murna wai na samu malamai. Da na zauna dubawa sai na ga takardun kamar uwa ɗaya ta haife su, da alama shago ɗaya ya buga wa rabinsu, kowa mai haƙuri ne, kowa mai ƙwazo ne. Ban tuna fuskar ko mutum ɗaya ba. Jarrabawar ƙarshen zango ta zo ta ɗauke mini hankali, sai bayan wata guda na fara kira. Akwai wata yarinya mai NCE ta lissafi daga kwalejin ilimi ta Argungu da na sa wa alama. Na kira, ta gaishe ni da ladabi, ta ce ai Hajiya wata makaranta ta kira ni washegarin taron, har na karɓi albashin farko. Haka na bi mutum shida, huɗu sun kama wani wurin.

Zuwa na biyu ban ɗauki kwali ba. Ƙaramin allo na ɗauka da alli da littafin lissafi na aji huɗu. Duk wanda ya ce shi malami ne sai in buɗe shafi in ce, ga ni, ni ce ɗalibarka 'yar shekara tara, koya mini rabin kwata. Alhaji, a nan ake ganin abu. Wani mai digiri ya juya mini baya yana magana da allo har ya gama. Wani kuma ya ɗauki takarda ya ninka biyu, ya sake ninkawa, ya sake, ya buɗe ya ce ƙirga mini gidajen. Shi na ɗauka, yana nan har yau. A bayan takardar kowa nakan rubuta kalma biyu nan take, irin su "mai shuɗiyar hula, ya ninka takarda", don in tuna shi. Waɗanda suka yi mini kuwa a daren na kira su.

Shugaban masu aikin inji, Argungu:

Hajiya ta gama magana. Alhaji, ni ba mai dogon rubutu ba ne, amma abin ga ya shafi sana'ata. Da anka kai mu wani irin taron ga, mutanen ofis sunka ɗauki fom da biro, ni ko nid ɗauki kwano biyu na shanshera, wato shinkafa da ɓawonta, da wani tsohon bel da yat tsage. Kwano guda busassa, guda da sauran danshi. Yaro in yaz zo yac ce ya taɓa aikin inji, sai in ce wace za ka zuba? Wanda yas san aiki ba ya tambaya, ɗibar ƙwaya shikai shi kai baki shi tauna. Busassa tana ƙaras, mai danshi tana lanƙwasa. In ya ƙara da cewa a kawo na'urar auna danshi a ga ko danshin ya sauka kashi 14 cikin ɗari, to ya zauna da masu aiki. Sannan in miƙa mai bel in ce mi yac ci shi? Wani yaro yaj juya shi yac ce gefe guda yac cinye, ke nan ba a daidaita shi ba. Ba shi da komi sai shaidar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago. Wani kuma yac ce, Baba, ban sani ba, amma in kun nuna min zan riƙe. Su biyun munka ɗauka. Wanda ni ka tsoro shi ne mai amsa komi da sauri, don shi ka sa hannu cikin inji shina tafiya.

Tsohon mai neman aiki, Zuru:

Iyayena, a yi mini afuwa, ni ta ɗaya gefen teburin na tsaya, sau uku. Bari in faɗi abin da ke korar mu.

Daga Zuru sai ka biyo ta Mahuta da Koko, ka kwana a ɗakin aboki a Birnin Kebbi, ka kashe kuɗin mota da na kabu-kabu da na fotokwafi, yawanci rance ne. Ka isa tebur ka tarar da wani yaro yana latsa waya. Wane aiki kuke da shi? Oga bai zo ba. A wane gari ne? Ajiye takarda kawai. Nawa ne albashi? Sai an ɗauke ka za ka ji. Wallahi wanda ya san yana da abin yi a hannunsa ba ya ajiye takarda a irin wannan teburin, sai wanda ba shi da zaɓi. Ku kuma sai ku koma ku ce babu ƙwararru a wurin.

Inda nake aiki yanzu, mai wurin da kansa na tarar a zaune. Ya rubuta a kan farin kwali da babban baƙi: aiki kaza, a gari kaza, albashi daga kaza zuwa kaza, akwai ɗaki. Wannan "akwai ɗaki" ita ta tsayar da ni. Kuma don Allah kada a riƙe wa mutum takardunsa na asali. An taɓa karɓe mini a wani wuri wai za a tantance, sai da na yi zuwa uku kafin su dawo hannuna.

Mai sana'ar haɗa sola, Birnin Kebbi:

Ɗan'uwa na Zuru, na ji zafinka, amma maganar rubuta albashi a kwali ban yarda da ita ba. Na taɓa yi. Teburin da ke kusa da ni suka leƙo suka gani, suka ɗora dubu biyar a kan nawa, yaran da na gama gwadawa da mita da batir suka koma can. Ni na yi tankaɗe, wani ya tuƙa tuwo. Ban da haka, tsofaffin yarana suka ji labari, washegari kowa fuska a murtuke.

Tsohon mai neman aiki, Zuru:

Yallaɓai, in dubu biyar ta ɗauke su a ranar, da ka ɗauke su ma za ta ɗauke su bayan wata biyu, lokacin ka riga ka koya musu aiki. Su kuma tsofaffin yaran, ai ba kwalin ne ya ɓata musu rai ba.

Mai sana'ar haɗa sola, Birnin Kebbi:

Ka iya magana, yaro. Duk da haka ni a baki nake faɗa yanzu, bayan na gwada mutum.

Jami'ar kula da ma'aikata a wani kamfanin kayan gona:

Ko a kwali ko a baki, Alhaji, ka yanke adadin tun daga gida, kuma ka san lambobin da yaran nan suke zuwa da su a ka. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun watan Yulin 2024. Gaskiya ne dokar ta ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, don haka ba ta hau kanka ba, amma mai neman aiki ba wannan yake dubawa ba. Ya ji gwamnatin Kebbi ta sa wa ma'aikatanta 75,000, kuma in bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, 77,000 yake karɓa a wata yana sansanin Dakingari ko inda aka tura shi. In abin da za ka iya bai kai nan ba, faɗa masa gaskiya, ka haɗa da abin da ke biye: abincin rana, ɗaki, ƙarin lokacin kaka, ko buhun shinkafa da salla. Da yawa suna karɓa in sun ji lissafin a fili.

Abu biyu kuma da ba ka tambaya ba. Ka ce kuna 14, za ka ƙara huɗu. Dokar fansho ta 2014 ta ambaci wuraren da ke da ma'aikata 15 zuwa sama, mai wurin ya zuba kashi 10 cikin ɗari na albashin, ma'aikaci kashi 8, sai ka sa wannan a lissafinka. Sannan dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku da farawa. Da dangi kake aiki shi ya sa ba a taɓa tambayarka ba. Bare zai tambaya, kuma wanda ya tambaya ɗin yawanci shi ne wanda kake so.

Ga mai lissafi da mai sito, ni shafin littafin sito nake kaiwa, in dasa kuskure ɗaya a ciki. Buhu 120 sun shiga, 47 sun fita, 35 sun fita, in rubuta saura 48. In miƙa in ce duba mini wannan, ba tare da na ce akwai matsala ba. Wasu su ce daidai ne don kada su kunyata ni. Mai cewa Hajiya, 38 ne, ina buhu goma suka fito, shi nake rubuta wa lambar wayata.

Mai shagon magani, Yauri:

Ba wanda ya taɓo maganar alfarma. Ni kafin in isa wurin taron an kira ni sau huɗu, kowa da ɗansa. Wani ma da 'yar takarda ya zo daga wani babba da ba na iya haɗa ido da shi. Yaya kuke yi da wannan?

Mai makarantar firamare da sakandare, Birnin Kebbi:

Malam, allon nan shi ya cece ni. Nakan ce, ranka ya daɗe, turo shi, kowa ma alli zai riƙe. In ya iya, alhamdu lillahi, na samu malami na kuma fita kunyar babba. In bai iya ba, shi da kansa ba ya komawa ya ce an hana shi. Sau ɗaya dai na ɗauki wanda bai iya ba don babu yadda zan yi, na sa shi kula da rajista.

Alhaji, wani abu kuma: ka tafi da mace a teburinka, ko 'yarka ce. 'Yan mata da yawa masu difloma ta akanta daga kwalejin Waziri Umaru suna zuwa, amma in suka ga maza zalla sun yi dafifi sai su tsaya daga nesa su wuce. In ka ga wadda ta yi maka, tambaye ta tun a nan wa za a nema izini a gida da kuma ƙarfe nawa za ta iya tashi. Na taɓa rasa malama bayan an gama komai saboda ban tambaya ba, ashe maigidanta bai ma san ta zo ba.

Mai injin casar shinkafa, Jega:

Jama'a na dawo, Allah ya saka da alheri. Na tafi da kwano biyu kamar yadda Baba na Argungu ya ce, da shafin sito na Hajiya, da 'yata ta biyu. Albashi na rubuta a kwali, Malam mai sola ya yi haƙuri. Takarda tara kawai na karɓa, na kira shida a daren, biyar suka zo Jega ranar Litinin suka ga injin da idonsu, na biya musu kuɗin mota.

Na ɗauki uku. Mai lissafin mace ce, ita ta ga buhu goman tun kafin in gama miƙa mata shafin, ta kuma tambaye ni takardar ɗaukar aiki, sai da na sa aka buga. Mahaifinta ya zo da kansa ya ga inda za ta zauna. Yaran inji biyu, ɗaya ɗan Aliero ne da ya taso a gonar albasa, bai taɓa taɓa injin casa ba, amma ya tauna ƙwayar ya faɗi daidai.

Mai sito ne ban samu ba. Wanda ya fi yi mini ya kawo mai tsaya masa, na kira lambar, sai wayar ta yi ƙara a aljihun abokin da ya rako shi. Ɗan ƙanwata ne ke riƙe da makullin har yanzu. In akwai wanda ya san yadda ake tantance mai tsaya wa mutum in ba garinku ɗaya ba, ina saurare, don motar farko ta shanshera jibi za ta iso.