Da ’yan’uwa suka zo muku cikin wahala, me ya sanyaya muku zuciya, me ya ƙara muku ciwo?

Sabuwa a hidima:
Salama gare ku ’yan’uwa cikin Almasihu. An sa ni cikin masu ziyarar marasa lafiya da waɗanda aka yi wa rasuwa a ikilisiyarmu, kuma gabana na faɗuwa duk sa’ad da zan shiga gidan da ake kuka. Tsorona kar in je da niyyar taimako in ƙara wa mutum nauyi. Wanda aka taɓa ziyarta, ko wanda ya daɗe a wannan hidima, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Uwar marayu:
’Yata, Ubangiji ya ƙarfafa ki. Da maigidana ya rasu gida ya cika maƙil, kowa da maganar da ya zo da ita. Wannan ya ce Allah ya fi mu son sa, waccan ta ce in share hawaye tunda mu masu bege ne. Na san ba ƙarya suke yi ba, amma a lokacin ji nake ana hana ni kukan mijina. Wadda ba zan manta da ita ba wata tsohuwa ce daga zumuntar mata. Ta zauna kusa da ni, ta riƙe hannuna, ba ta ce uffan ba sai da ni da kaina na buɗe baki. Sai ta tambaye ni wane irin mutum ne shi a cikin gida. Na yi ta ba ta labari, tana ambaton sunansa, alhali sauran duk suna kauce wa sunan don kar in tuna, kamar dai na manta. Bayan jama’a sun watse, kowa ya koma harkarsa, lokacin ne kaɗaici ya fi cina, ita kuwa ba ta daina zuwa ba.

Wani dattijon ikilisiya:
Mama, Allah ya ƙara miki haƙuri. Maganarki ta tuna mini da Ayuba 2:13. Elifaz da Bildad da Zofar, abokan Ayuba, sun zauna a ƙasa tare da shi kwana 7, dare da rana, babu wanda ya ce masa kome, don sun ga zafin da yake sha. Sai da suka fara neman dalilin wahalarsa abin ya lalace, har Allah ya tsawata musu a sura ta 42. Na sha tsayawa a bakin gadon masu jinya, na ga yadda fuskar mutum take sauyawa idan mai ziyara ya fara yi masa bayanin abin da Allah yake nufi da ciwonsa. Mu da muka saba wa’azi, riƙe bakinmu shi ne ya fi mana wuya. Ubangijinmu Yesu ma ya san zai ta da Li’azaru daga matattu, duk da haka ya yi kuka tare da masu kuka.

Matashi mai neman aiki:
Ni tawa daban ce, Baba. Da aka sallame ni daga aiki, an haɗa mini gudummawa, na kuma gode. Amma an kira sunana a tsakiyar sujada, aka ce in fito gaba in karɓa, ana tafi. Na daɗe ban iya ɗaga kai a majami’a ba. Daga baya wani dikin ya same ni ni kaɗai, ya ce in turo masa takarduna, ya yi ta kai ni wurin mutanen da ya sani. Har yau ko matarsa ban ji ta ta da zancen ba. Matiyu 6:3, inda aka ce kar hannun hagu ya san abin da na dama yake bayarwa, a jikinsa na gan ta.

Ma’aikaciyar jinya:
Daga ɓangarenmu: ku taƙaita zama, mara lafiya yana gajiya amma kunya ba ta barinsa ya ce ku tafi. Ku tambaye shi kafin ku fara addu’a, ku kuma sassauta murya, akwai wasu kwance a gefensa. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne in ji an ce wa mai ciwo da yana da bangaskiya da tuni ya tashi. Na ga wadda ta kwana tana kuka kan wannan kalma, ba kan ciwonta ba. A Yahaya sura ta 9 almajirai sun tambaya laifin wa ya sa aka haifi mutumin nan makaho, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba.

Mahaifin yaro mai lalura:
Ban ƙi maganar shiru ba, amma kar mu mai da ita doka. Mu mun ƙoshi da masu kallonmu da idon tausayi su yi shiru su wuce. Ɗana ba ya iya zama wuri ɗaya, ƙara kuma tana firgita shi, har muka kusa daina zuwa sujada. Malamar makarantar Lahadi ce ta tare mu a bakin ƙofa, ta ce, “Baban yaro, ku koya mini abin da yake kwantar masa da hankali.” Ta rubuta abin da muka faɗa, ta sauya masa wurin zama, ta samo wanda zai zauna da shi don ni da mahaifiyarsa mu ji wa’azi tare. Yesu ma da aka kawo masa Bartimawas, sai da ya tambaye shi abin da yake so a yi masa, ga shi kuwa kowa na ganin makaho ne.

Tsohuwar mai ziyara:
Ƙanwata, ga abu ɗaya da ba a taɓo ba. Abin da aka faɗa miki a ɗaki, a ɗakin zai tsaya. Na san ’yar’uwar da ta bar ikilisiya don matsalar aurenta ta fito a taron addu’a da sunan a taya ta roƙo. Ni kafin in tashi nakan tambaya, “In faɗa wa Fasto, ko mu bar shi tsakaninmu?” Idan ta ce tsakaninmu, ko su wa na tarar a taron, cewa kawai nake akwai wata ’yar’uwa da ke bukatar addu’a.