Urbex: kango za mu ce ko kufai?

Jama'a, ku taya ni neman suna. Akwai wata sha'awa da Turawa ke kira urban exploration, a taƙaice urbex: mutum ya rataya kyamara ya riƙa kutsawa tsofaffin gine-ginen da aka ƙaurace wa, yana ɗaukar hoton yadda suke lalacewa. Birnin Detroit na Amurka ya yi suna a wannan harka. Babbar tashar jirgin ƙasansa ta rufe a 1988, ta shekara talatin masu hoto na shiga da fita, sai a 2018 kamfanin Ford ya saye ta ya gyara. Haka garin Pripyat na Yukren, wanda aka kwashe mutanensa bayan hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986.

Mu ma muna da abin ɗauka. Bi layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ka sauka Ringim ko Malam Madori, inda aka taɓa tara dalar gyaɗa. Ko ka shiga tsohuwar unguwa a garinku: soro ya rufta, azara ta leƙo waje, makuba ta ɓare, sauran zanen dagi a goshin zaure, awaki na kwance a ɗakin da aka taɓa kai amarya.

Wani malami daga wajen Ringim ya ce a ce yawon kufai. Allah ya gafarta Malam, ban bi ka ba a nan. Kufai wurin da gari ya tashi ne gaba ɗaya, ba abin da ya rage sai kukoki, tsohuwar rijiya, ramukan marina da tsingaro a gona. Pripyat kam kufai ne. Amma masu urbex yawanci gini suke nema, wanda yake tsaye a cikin mutane, maƙwabta na ta harkokinsu. Wannan kango ne.

Na san aibin kalmar: ginin da aka kai linta kuɗi suka ƙare shi ma kango muke ce masa. Ba komai, zance zai raba su.

Rigimar tana wajen kalmar farko. Yawon kango? Faɗa wa mahaifiyarka haka, za ta ɗauka ka shiga 'yan shaye-shaye. Leƙen kango kuwa aikin ɓarawon ƙofa da taga ne.

Sai wata yaya daga Haɗeja ta ce ziyarar kango. Yaya, kin gama magana. Ziyara da sallama ake yin ta, kuma nan muka sha bamban da Turawan, da yawansu tsallake shinge suke yi. A wajenmu kango ba ya rasa mai shi. Yawanci gidan gado ne da ba a raba ba, magada sun watsu Kano da Legas, kowa na jiran wani ya yi yaɓe kafin damina. Ka shiga da kyamara ba izinin mai unguwa, kafin la'asar an ce dillalin fili ne aka turo.

To na tsaya a nan: aikin ziyarar kango, mai yi maziyarcin kango, abin da ya ɗauko hoton kango. Mutanen Gumel da Kazaure, in kuna da wata kalmar da ta fi wannan, ku kawo ta.