Bikin ƙanwata a Garwa ta Kamaru cikin Afrilu: ina neman shawara kan ɗinki da gyaran jiki

Yayar amarya, Garwa:
Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. An sa ranar auren ƙanwata tsakiyar watan Afrilu, kuma da yake mahaifiyarmu ta manyanta, hidimar ta dawo wuyana. An kawo lefe da shadda da leshi da atamfa, amma na rasa wanda ya dace da ranar kamu da wanda za a ajiye wa wuni. Sannan yaushe ya kamata a fara mata dilka?

Mai ɗinki, Marwa:
Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya sanya alheri. Ki kai ɗinkin tun cikin Fabrairu, domin da zarar zanen bikin ranar mata ta duniya, wato 8 ga Maris, ya shigo kasuwa, telolin mata ba su da lokacin kowa, kuma abin da aka ɗinka cikin gaggawa sai an warware. Ki tuna cewa zafin Garwa a Afrilu yakan haura digiri 40. Amaryar da aka sa wa leshi mai duwatsu da shafi mai kauri da rana tsaka, kafin la'asar gumi ya wanke kwalliyar har ya ɓata wuyan rigar. A bar leshin sai dare, ta yi kamu da atamfar auduga. Game da ankon ƙawaye kuwa, ku zaɓi mai sauƙin kuɗi, don kada wata ta ƙi zuwa saboda kunya.

Mai gyaran jiki, Kusuri:
Yaya, mu da muka koyi sana'ar a hannun matan Chadi, makonni biyu zuwa uku muke ɗauka ana dilka da turaren tsuguno, amarya tana ɗaki ba ta shiga rana. Halawa kuma kwana uku kafin biki, don jan fatar ya kwanta. Abin da nake jin tsoro shi ne baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi, wanda yakan tayar wa wasu da ƙuraje masu ruwa. A ɗiga kaɗan a damtsenta a jira kwana biyu tukuna. Kada a bari wani ya cusa mata man bilicin, tun 2022 ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta haramta masu ɗauke da sinadaran haidirokinon da makuri.

Yayar amarya, Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Saura lafayar rakiya: a nan zan saya, ko in aika a sayo daga Injamena?