Neman shawara: an ce in sake sikanin, Hajiya ta ce a'a

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah admin a ɓoye sunana. Ina zaune a Pantami nan cikin Gombe, cikina na fari ne, yanzu sati 19 bisa lissafin katin awo. Tun ina wata biyu na taɓa yin sikanin sau ɗaya saboda na ɗan ga jini, aka ce komai lafiya zuciyar tana bugawa, to ranar Talata da na je awo nas ta rubuta min takarda wai in je a sake wani kafin in wuce sati 22. Da na dawo na faɗa wa maigida a gaban mahaifiyarsa sai Hajiya ta ce sam ba za a sake haska mata jika ba, wai wutar na'urar tana ƙona yaro a ciki ko ta tsumburar da shi, ita tara ta haifa ba wanda aka haska. Maigida ba ya son saɓa mata kuma shi nasa damuwar kada namiji ne zai duba ni. Ni kam wallahi hankalina bai kwanta ba tun jinin nan da na gani. Don Allah masu sani, maimaitawa yana da illa? Ana iya neman mace? Kuma dole ne sai na sake cika cikina da ruwa kamar wancan karon?

Maman Hanif: Wa alaikumus salam, Allah ya raba lafiya ƙanwata. Ni a cikin Hanif sau huɗu aka min, ga shi nan yana aji uku lafiyarsa ƙalau. Ki je kawai.

Anti Nas Bolari: Ƙanwata ki kwantar da hankalinki. Hajiya tana haɗa sikanin ne da eksire, wato hoton ƙashi da na ƙirji, shi wannan gaskiya yana da haske mai ratsa jiki shi ya sa ake tambayar mace ko tana da ciki kafin a yi mata. Sikanin kuwa sauti ne kawai, sautin da ya fi ƙarfin kunnen mutum, abin da ake gogawa a ciki yana tura shi ya bugi jikin jariri ya dawo, kwamfuta ta mai da shi hoto. Babu wuta babu ƙuna, abin da za ki ji sanyin jel ne, wato man da ake shafawa a fatar ciki, da ɗan dannawa. Kuma wanda aka rubuta miki yanzu ba maimaici ba ne, aikinsa daban. Na wata biyu ya nuna cikin yana cikin mahaifa ne ba a bututun ƙwai ba, da bugun zuciya, da lissafin kwanaki. Shi wannan na tsakanin sati 18 zuwa 22 a lokacin yaro ya yi girman da za a ga kansa da ƙashin baya da zuciya da ƙoda da hannu da ƙafa, a auna ruwan da yake ciki, a ga inda mabiyiya ta kwanta. In kika bari ciki ya tsufa wasu abubuwan ba sa fitowa sosai saboda yaro ya cika wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2016 ta ba da shawarar kowace mai ciki ta samu sikanin ɗaya kafin sati 24.

Ummu Sadiƙ Kumo: Maganar mabiyiya da Anti ta yi ita ce tawa. A cikina na uku ba abin da ke damuna, ina aikina ina daka ina wanki, sai a sikanin wata biyar aka ce mabiyiya ta sauko ƙasa kusa da bakin mahaifa. Likita ya ce yawanci in mahaifa ta ƙara girma tana matsawa sama, in dawo wajen sati 32 a sake dubawa, amma in na ga jini ko ɗigo ne kada in tsaya jiƙa komai in taho asibiti ko da tsakar dare. Tawa ba ta matsa ba, aka tura ni Gombe aka min aiki, ni da yarinyar duk muna nan Alhamdulillah. Biyun farko a gida na haife su, kuma niyyata ta ukun ma a gida ce, wallahi har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Maman 'Yan Biyu: Kada ki ci komai ranar, ni haka aka ce min, azumi na yi tun dare.

Anti Nas Bolari: A'a Maman 'Yan Biyu, naki ina jin na hanta ne ko matsarmama, shi ne ake cewa a bar abinci kamar awa 6 zuwa 8. Mai ciki ta ci abincinta ta karya da kyau, ga layi ga jira kada jiri ya ɗebe ta. Ruwa kuma an fi matsa shi a ƙaramin ciki don mafitsara in ta cika tana ɗago mahaifa a gan ta sosai, a wata biyar sau da yawa ba sai ta cika tam ba, amma kowane wuri da tsarinsa, ki tambaya ranar da za ki karɓi lokaci. Ki riƙe ruwan leda biyu a jaka dai.

Hajiya Babba Tumfure: Ni tsohuwa ce a cikinku, bari in ɗan tsaya wa surukarki. Ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne, jikanta take karewa da abin da ta sani. Kada ki yi musu da ita 'yata, kuma kada ki fita a ɓoye, bakinki ba zai shige ta ba. Ɗanta ne zai zaunar da ita ya ce ma'aikatan asibiti ne suka nema saboda jinin da aka gani a baya, ya roƙe ta ita ta raka ki. Mu iyaye in aka sa mu a gaba a abu mun fi saurin saukowa. Maganar namiji kuwa ki faɗa tun a teburin karɓar takarda kina son mace, in akwai za a ba ki ko a ce ki dawo ranar da take aiki, in babu ki nemi nas mace ta tsaya, ciki kawai ake yaye wa tufa daga ƙasan ƙirji zuwa mara, ki sa riga da zani ba doguwar riga ba. Lalura ce kuma addini ya san lalura.

Maman Ilham: Ƙari a kan na Hajiya Babba, don Allah ki je inda aka san aikin, ba kowane shago mai na'ura ba. Ni na taɓa zuwa wani wuri minti biyu ba a yi ba aka miƙo min takarda, da na kai wa likita ya ce babu awon da yake nema a ciki sai da na sake biya. Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda har yanzu muke ce wa Medikal, da asibitin Sifeshalis duk suna da sashen hoto, ki fita da sassafe. Ki tafi da katin awo da takardar sikanin farko, don ranar haihuwar da aka lissafa a ƙaramin ciki ta fi zama daidai, in na baya ya ɗan bambanta kada ki rikice. Sakamakon kuma ki mayar wa masu awo su karanta miki, kada ki turo mana nan mu yi ta hasashe.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai 'yan uwa Allah ya saka da alheri, na karanta wa maigida duka musamman na Anti Nas da na Ummu Sadiƙ, ya yi shiru can ya tashi ya shiga wajen Hajiya bayan isha'i, sun daɗe. Da safe ita da kanta ta kira ni ta ce ranar Litinin in shirya da wuri tare za mu je, amma sai ta shiga ɗakin ta ga abin da idonta. Anti Nas ana barin mai rakiya ta shiga kuwa?

Anti Nas Bolari: Wurare da yawa suna barin mutum ɗaya, ku roƙa da ladabi tun a ƙofa. In an shiga ki ce a juyo mata allon a nuna mata zuciyar.