Jirgi uku a tafiya ɗaya: wane suna za mu ba na tsakiyan?

Jama'a, ku taya ni. Makon jiya kawuna ya tashi tafiya Umara, ta Abuja za su tashi, ni kuma aka ɗora wa tsara masa hanya daga nan Zariya. Na durƙusa gabansa a zaure a Tudun Wada na ce, "Kawu, mota za ta kai ka Rigasa, ka shiga jirgi zuwa Idu. A Idu ka sauka ka shiga jirgi ya kai ka filin jirgi, sai ka shiga jirgi." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai yaro, jiragen nan guda nawa ne, kuma wanne ne mai fiffike?" Muka yi dariya, amma tun ranar abin yake ci mini rai. Na farko jirgin ƙasa ne, na ƙarshe jirgin sama. Na tsakiyan fa?

Ga wanda bai taɓa shigarsa ba: layi ne da kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya shimfiɗa a Abuja, Shugaba Buhari ya buɗe shi a watan Yulin 2018. Yana tashi daga tsakiyar birni, ya bi ta filin wasa, Kukwaba, Wupa, Idu da Bassanjiwa, ya dire a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Wani reshe kuma ya bar Idu ya nufi Gbazango wajen Kubwa. Tashoshi 12 ne gaba ɗaya. Ya tsaya cak a 2020 lokacin korona, sai ranar 29 ga Mayun 2024 Shugaba Tinubu ya sake buɗe shi. A Idu ne yake haɗuwa da jirgin Kaduna. Bature yana ce wa irin wannan commuter rail, wato jirgin da ke kwasar mutanen gefen gari zuwa wurin aiki da safe, ya mai da su gida da yamma. Wani sa'in a ce light rail, wani sa'in metro.

Da na jefa wa jama'a tambayar sunan a waya, wanda ya fara amsawa cewa ya yi mu ari kalmar kawai mu ce "komuta", tunda haka muka yi da reluwe da tasha. Na gwada ta a kunnen Inna, sai ta ce in je shagon bakin Kongo can ake gyaransu. Kwamfuta ta ji. Wannan ta mutu tun a tsakar gida.

"Jirgin ƙasa na zamani" shi ne abin da aka fi ji a labarai, kuma shi na fi ƙi. Zamani riga ne, kowa da irin tasa. Jirgin da ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911 shi ma na zamani ne a idon kakanninmu. Jirgin Kaduna zuwa Abuja na 2016 ma haka aka kira shi, sabon layin Kaduna zuwa Kano da ake shimfiɗawa ta gefenmu shi ma haka za a kira shi. Sunan da ya dace da kowa bai nuna kowa ba.

Sai "ƙaramin jirgin ƙasa". Nan ne wani dattijo na Sabon Gari, wanda ya ƙare aikinsa a reluwe, ya gyara mini zama. Ya ce, "Ɗana, in ƙarami kake nema, mu Zazzagawa muka fara ganinsa." Yana nufin layin nan na Bauci da Turawa suka ja daga Zariya zuwa Jos da Bukuru saboda kuza, wanda ya isa can a 1914 aka rufe shi a 1957. Faɗin dogonsa ƙafa 2 da inci 6 ne kacal. Dogon da ya bi ta tasharmu zuwa Kano da Kauran Namoda kuwa ƙafa 3 da inci 6. Na Abujan nan ƙafa 4 da inci 8 da rabi ne, daidai da na Kaduna. Ka ga ke nan wanda muke so mu kira ƙarami ya fi namu faɗi. Dattijon ya ce ba nauyin ƙarfe ne ya bambanta na Abujan ba, yanayin tafiyarsa ne: zango gajere, tsayawa da yawa, sawu da yawa a yini, taragai kaɗan, ba wurin kwana, ba wurin ɗora buhunan masara. Baba, na gode, wannan maganar ita ta buɗe mini ido.

"Jirgin ƙarƙashin ƙasa" kuma ku bar wa mutanen Landan da Alƙahira. Na Abuja a sarari yake tafiya, kana hango shanu ta taga.

To, tunda aikin ne abin dubawa, sai aka kawo "jigila". Na so kalmar nan ƙwarai, don ita ce ainihin kai-komon da ake yi. Matsalarta ɗaya: mun riga mun ba alhazai ita. Ka ce "jirgin jigila" kusa da filin jirgi, kowa jirgin sama zai hango. Wani malami daga Samaru ya ce to a ce "dogon jigila", dogo na ƙarfe ke nan, tunda in tsawo ake nufi doguwar jigila za a ce. A takarda maganarsa daidai ce. Amma Malam, a gafarce ni, ka manta inda kake zaune? Mu ne fa ake tsokana da cewa ba ruwanmu da namiji da mace a magana. Bazazzagin da zai ce "matana ne" ba zai ji wani bambanci ba, doguwar wahala kawai zai fahimta. Haka "dogon filin jirgi" ya faɗi: fili mai tsawo ya fito, layin ya ɓace.

Akwai wadda ta ce "jirgin rakiya", don yana raka matafiyi har bakin jirgin sama. Ya yi daɗi a baki, har na ɗan yi shiru. Sai dai mai shara da ɗan kasuwa da ma'aikacin da ke shiga a Wupa kullum safiya ba rakiyar kowa suke yi ba, neman abinci suka fito. Filin jirgi tasha ɗaya ce a cikin goma sha biyu.

Ashe kalmar tana gidanmu tuntuni. Ƙanwata ce, tana wanke-wanke tana jin gardamar da nake da waya, ta ce, "Yaya, ba jeka-ka-dawo ba ne? Kamar makarantarmu." Wallahi sai na ajiye wayar. Makarantar jeka-ka-dawo ita ce kishiyar ta kwana: ka fita da safe, ka dawo ka kwana gida. Wannan shi ne dukan abin da Bature yake nufi da kalmarsa, ba ragi ba ƙari. Kuma ba baƙon gini ba ne a Hausa, haka muka ƙera faɗi-ka-mutu da jeka-na-yi-ka. Ba wanda za a tsaya yi wa bayani, daga Kwarbai har Kwangila.

Na san ƙorafin da zai biyo baya, don an riga an yi mini shi: ai wanda ya nufi filin jirgi ba yau zai dawo ba. Gaskiya ne, Kawu sai bayan mako biyu. Amma sunan na jirgin ne, ba na fasinja ba, shi kuwa jirgin yana kaiwa yake juyowa. Wani kuma ya ce ya yi tsawo. A Daidaita Sahu fa? Kanawa ba su gaji da faɗarsa ba, da suka gaji kuma suka datse abinsu ba tare da neman izinin kowa ba. Ita ƙanwar tawa ta ƙara da cewa in an ware wa mata tarago, a rubuta masa jeki-ki-dawo. Wannan tsakaninta da hukuma.

Iyakarsa kuma a fili take. Jirgin Haramain da ke haɗa Makka da filin jirgin Jidda da Madina, tafiyar kusan kilomita 450, ba ya cikin wannan suna, jirgin ƙasa ne mai gudu tsakanin gari da gari. Na Rigasa zuwa Idu ma haka, ko da yake na san masu zuwa aiki Abuja da shi su dawo Kaduna su kwana, waɗannan Allah ya ba su lada. Amma na Legas, mai tashi daga Marina zuwa Mile 2 da mai tashi daga Agbado zuwa Oyingbo, sun shiga ciki sarai.

Ni dai ga inda na tsaya: jirgin jeka-ka-dawo, hanyarsa layin jeka-ka-dawo, wanda ya nufi wajen masu fiffike kuma jeka-ka-dawon filin jirgi. In akwai wanda ke koyarwa a cibiyar nazarin sufuri ta hanyar Basawa ko sashen harsuna na ABU a cikinmu, ya duba mana ko ta ci karo da wata kalmar da kuke amfani da ita a aji.

Jiya da dare na tura wa ɗan Kawu saƙo, shi zai tarbo shi a Abuja. Na rubuta, "In ya sauka ku shigo jeka-ka-dawo zuwa Idu, kada ku ɗauki tasi." Amsar da ya turo ita ce, "To, ƙarfe nawa na Kaduna yake tashi?"